Likkafanin Kakata a Jakar Soja

An sake saka sunana cikin sojojin da za a tura aiki ƙasar waje. Jiya na zazzage tsohuwar jakata zan haɗa kaya, sai farin yadin nan ya faɗo, har yanzu yana ƙamshin kanumfarin adakar kakata.

Kafin tafiyata ta farko na je Horo Birni yi mata sallama. Na karanta mata takardar kayan da aka ce mu ɗauka: takalma, gidan sauro, maganin zazzaɓi, tocila. Tana ɓare albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, sun mance guda," in ji ta.

Ta buɗe adaka, ta ciro likkafanin da ta daɗe da tanadar wa kanta.

"Na ji can cikin leda aka saka mamaci. Tahi da wanga. Ni ina gida, ba ni rasa sutura."

A watana na bakwai a can ƙanena ya bugo waya, ya ce ta rasu. Na nemi izini, aka ce babu jirgi, kuma babu mai fita daga sansani. Na zauna cikin tanti, waya mai ƙaya ta kewaye ni, likkafaninta na kan cinyata, ana can ana nemo mata wani yadi a kasuwar Shagari.

Jakar bana ta cika maƙil. Takalmi na cire, na mayar da yadin ƙasan jakar.

Kaka, kin ɗauki suturarki kin ba ni. Allah Ya suturta ki da ta Aljanna.