Sallau Dillali da Malamin Labarin Ƙasa

Duk unguwar Hammadu Kafi an san Sallau dillalin filaye. Daga wajen Funtuwa ya zo Gombe yana saurayi, ya fara da tallan yadi a Tudun Wada, har ya gane bakinsa ya fi yadin kawo ciniki. Mutum ne da zai tsayar da kai a bakin kwari ya rantse maka cewa nan ne iska ta fi daɗi. Da kowa yana wasa da dariya, ban da Malam Titus, mai koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yarsa Khairiyya.

Laifin Malam Titus ɗaya ne. Duk shekara sai ya kwaso 'yan ajin ƙarshe ya kawo su kwarin da ke bayan filayen Sallau, wai aikin gani da ido na jarrabawa. Su auna, su zana, su koma gida su saki baki, alhali iyayen nan nasu su ne masu sayen fili. Sallau ya tsane shi, tsana ta gaske. Ko daga nesa ya hango shi da igiyar awo, yinin ranar ya ɓaci.

Wata rana Khairiyya na zuba masa ruwa a buta ta ce, "Baba, Malam ya ce kwarin nan yana cin ƙasa duk damina, filayen bakinsa ba za su daɗe ba."

"Au, mugun baki ake koya muku?" in ji Sallau. A wurinsa, wanda ya ambaci masifa tun ba ta zo ba, kiran ta yake yi.

Lokacin rajistar jarrabawar fita ne. Burin Khairiyya ta karanci tsara birane a jami'a, kuma sai da labarin ƙasa ake shiga. Sallau ya sa babbar riga ya dira makarantar, ya ce a cire mata darasin a sa kasuwanci. Malam Titus ya biyo shi har bakin ƙofa.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ita ce ta ɗaya a ajina."

"'Yarka ce ko tawa? Ka kashe min kasuwa, yanzu kuma ka shigo min gida!"

Lami, uwar yarinyar, ta roƙe shi har ta gaji. Khairiyya ta yi kukanta ta share hawaye. Aka rufe rajista, Sallau ya dawo yana taƙama ya yi maganin malami.

Bayan jarrabawa wani mai saye daga Kaduna ya bugo waya, ya ce a turo masa zanen filayen kafin ya taso. Sallau ko layi bai iya ja ba. Ya kira Khairiyya, ya miƙa mata takarda da fensir, har da murmushi.

"'Yar albarka, zana min su da kyau. Kwarin ba sai ya fito ba."

Ta durƙusa, ta ajiye fensirin a gabansa.

"Ni 'yar kasuwanci ce yanzu, Baba. Zane sai dai ka je wurin Malam Titus. Shi kuma da kwarin zai zana maka."

Ta tashi ta shige ɗakin uwarta. Sallau ya ɗaga murya ya kira ta, ya sake kira. Lami ce ta leƙo ta ce masa yarinyar ta ce ba ta da abin ƙarawa.