Tsumma a Bututun Motar Baba

Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, a shekarar 2003, Baba ya fito da mu ƙofar gida a unguwar Small Heath ta Birmingham da ƙarfe tara na safe domin gwajin motarsa. Raɓa ta daskare a kan gilasan motocin layinmu kaf, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Ina da shekara goma sha ɗaya, ƙanwata Ummi tana da bakwai, an naɗe ta cikin rigunan sanyi uku har ba ta iya sauke hannuwanta. Motar tsohuwa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, irin wadda Turawa suke tafiya hutu da ita su kwana a ciki. Akwai gado a baya, da ɗan murhu, da labule mai furanni da ya koɗe. Baba ya saye ta da rani a wajen wani dattijo a Perry Barr. Ya zaunar da mu a kujerar baya, ya tayar da inji, ya ce za mu zaga layi uku mu dawo. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba na ji iska mai sanyi tana busowa daga wani rami da ke ƙarƙashin kujera, tana dukan ƙafafun Ummi.

Ummi tana da ciwon sikila, kuma ba abin da yake tayar mata da shi kamar sanyi. A hunturun da ya gabata mun tsaya jiran babbar bas ta Manchester a tasha, bas ta makara, a maimakon tafiya sai kwana tara a asibiti, Ummi tana kukan ƙashi. Daga ranar mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma kamar yadda ake yi a zangon Kumasi inda ita da Baba suka taso, ta kafa doka: Ummi ba za ta sake barin Birmingham da sanyi ba sai a cikin mota mai ɗumi, daga ƙofa zuwa ƙofa. Ita kuwa Kaka, mahaifiyar Baba, tana kwance a unguwar Hulme ta Manchester, a gidan hayar hukuma na Goggo Asabe, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Sunanta aka sa wa Ummi, shi ya sa Baba ba ya kiran yarinyar da komai sai Uwata. Duk Lahadi Kaka tana bugo waya, maganarta ɗaya ce: "A kawo mini takwarata in shafa kanta." Maƙwabcinmu Malam Iliya, direban tasi, ya yi tayin kai mu sau biyu. Baba ya yi masa godiya, ya ce da motarsa zai kai uwarsa wajen uwarsa, saura kaɗan ya gama gyara.

Gidanmu gidan tsari ne, kuma ni ce babba, saboda haka aikina a rubuce yake a jikin firij. Da safe in shirya Ummi, in tabbatar ta sha ruwa da magani. Idan mun isa makaranta in raka ta har cikin aji, kada ta tsaya a fili inda yara suke tsallen igiya. Da yamma kuma in bi gidan ɗaki-ɗaki in toshe duk inda iska take shigowa, ƙarƙashin ƙofar gaba, da ramin wasiƙa, da gefen tagar banɗaki da ta ƙi rufuwa. Da tsofaffin zannuwan Mma nake yi. Mma takan ce, "Sanyin ƙasar nan ɓarawo ne, ƙofar allura ta ishe shi." Da rani kuwa motar nan ce gidan wasanmu. Muna jan labule, ni ce uwa, Ummi ce baƙuwa daga Makka, muna dafa tuwon ƙarya a kan murhun da babu gas.

Da muka dawo daga gwajin, Baba ya ba ni makulli ya ce in share motar. Na je kicin na ce wa Mma ta ba ni tsumma. Ta yago mini rabin wani tsohon zaninta shuɗi mai zanen kifaye, ba ta tambaye ni ba. Na gama shara, na durƙusa gaban ramin nan, na cusa tsumman. Baba ba ya son ganin abu yana leƙe, saboda haka na ɗauko sandar tsintsiya na tura shi, na ƙara turawa, har sandar ta shige rabi na ji ya zauna daram. Na kulle mota na mayar da makulli. A ranar ina ganin na yi aikina da kyau.

Baba yana aiki a wani sito daga Litinin zuwa Juma'a, gyaran mota sai Asabar da Lahadi. Ya yi mana bayanin yadda abin yake a kan teburin cin abinci, da cokali da kofi. Injin yana baya. Fankarsa tana tura iska ta cikin wasu akwatunan ƙarfe guda biyu da suka rungumi salansa, iskar ta ɗauki zafi a nan, sannan ta bi dogon bututu a ƙarƙashin daɓen motar har zuwa gaba. Ya fara da bututan roba na baya, waɗanda suka tsattsage, ya sauya su. Iskar da ta iso gaba ba ta fi hucin kyanwa ba. Mako na biyu ya sauya wayar da ke buɗe marfin zafi. Mako na uku da na huɗu ya kwanta a kan kwali a bakin titi, ya kwance akwatunan ƙarfen, ya sa wasu da ya samo a wajen masu tsofaffin motoci. Bayan haka ya naɗe dogon bututun da bargon zaren gilashi mai riƙe zafi, ya ƙara wata ƙaramar fanka ta lantarki. Bututun tsakiya kaɗai bai taɓa ba, domin ƙarfe ne lafiyayye, ya ƙwanƙwasa shi ya ji bai ruɓe ba. Yakan shigo gida yatsunsa sun ƙage, ya tsoma su cikin ruwan ɗumi kafin ya iya alwala.

A mako na shida ya ɗauko turaren tsinke na Mma, ya kunna, ya kira ni in riƙe. Da hayaƙin yake gane inda iska take bi. A baya, wajen inji, hayaƙin yana kwantawa da ƙarfi. A gaba kuwa miƙewa yake yi sama abinsa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Hadiza, iska baƙuwa ce. In ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, komawa take yi. Abin da ban gane ba shi ne wace ƙofa ce." Ya ƙara da cewa duk hitar irin wannan mota da sanyi take farawa, sai inji ya yi zafi take ɗumama. A nan na gane abin da na yi. Ya karɓi tsinken, ya ce in shiga gida kada sanyi ya kama ni.

Na yi niyyar faɗa masa, kuma na tsara yadda zan yi. Na ce bayan sallar Azahar, ta wuce. Na ce ranar Lahadi idan ya ci abinci, ita ma ta wuce. Baba ba mai duka ba ne, amma idan ya yi shiru da mutum sai ya kwana bakwai bai dube shi ba, kuma kowane mako da ya ƙaru laifin yana ƙara nauyi. Sau ɗaya na sami makulli, na zura wayar rataye kaya a ramin, ban taɓo komai ba. Ranar Lahadi Kaka ta bugo, aka ba ni wayar, ta ce, "Ke ce babba, ki ce wa ubanki ya yi sauri." Na ce to.

Kaka ta rasu ana saura kwana shida babbar Sallah. Malam Iliya ne ya kai mu Manchester. Ya tsaya a ƙofar gida, Baba ya ɗauko Ummi a kafaɗa ya sa ta a baya, motar tana da ɗumi kamar ɗaki. Awa biyu muka yi a hanya. Ummi ta yi barci tun kafin mu fita gari, ta tashi a Hulme lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Babu wanda ya yi magana a kan haka, har shi Malam Iliya.

Baba bai sake taɓa motar ba sai da ganye ya fara tohowa. Wata Asabar ya aro sandunan da ake buɗe magudanar ruwa da su, ya zura su cikin bututun ta gaba. Muna kicin ya shigo, ya ajiye tsumman a kan tebur. Ya yi baƙi, gefensa ya babbake, amma kifayen suna nan. Ya dubi Mma ya ce, "Da kin gaya mini ba kya so a je, da na haƙura." Mma ta dubi tsumman, ta ci gaba da yankan albasa. Ina tsaye a bakin wurin wanke-wanke da kwano a hannuna, na juya na ci gaba da wanke shi. Kafin wata ya ƙare ya sayar da motar. Sun ci gaba da zama tare shekara goma sha ɗaya har ya rasu, suna gaisawa da safe, yana ba ta haƙƙinta, amma ban sake jin ya tsokane ta da waƙar zango kamar da ba.

Bayan an yi addu'ar arba'in ɗinsa na zauna da Mma na faɗa mata. Ba ta ɗago daga carbinta ba. Ta ce, "Ai ni na yago miki zanen, Hadiza. Tun ranar da ya ajiye shi na sani. Ni zan iya ɗaukar shirunsa, ke ba za ki iya ba."

Yanzu ina da motata. Maɓalli ɗaya nake dannawa, kafin in bar layinmu ta ɗauki ɗumi, kuma da ita nake kai Ummi asibiti idan ciwon ya motsa. Hanyar Manchester tana nan, awa biyun nan ce, sai dai babu wanda yake jiranmu a can. Har yau idan na tayar da mota da safe, iskar farko mai sanyi ta bugi ƙafata, hannuna yakan tafi wajen ramin da kansa. Sai in dawo da shi kan sitiyari, in jira.