Ɗigon Alli a Teburin Safiyanu

Duk wanda ya yi samartaka a unguwar Barunde ta Gombe ya san rumfar Safiyanu mai sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur. Dogon Bafulatani ne, siriri, wanda ya ajiye sandar kiwo ya ɗauki sandar tebur bayan shanun gidansu sun ƙare. Kiwon dai bai bar bakinsa ba. In ya ga saurayi ya dage ya zabga wa farar ƙwallo sanda, sai ya riƙe baki ya ce wannan ai ba wasa ba ne, fashi ne. A wurinsa ƙwallo tamkar saniya ce, lallaba ta ake har ta shiga rami da kanta. Ka kafa hannun hagu daram, ka sauke haɓa kusa da sanda, ka fara tunanin inda farar za ta tsaya kafin ka buga. Fatar kan sandunan ma da hannunsa yake yankawa ya manna.

Doka ɗaya ce ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: alli na kan sanda ne, kada ya taɓa koren ƙyallen tebur. Mutum ya kuskura ya goga alli a saman teburin nan, ranar sai ya ji Fulatancin da bai taɓa ji ba.

Abokin karawarsa Ernest ne, mai gyaran rediyo, mutumin Kaltungo. Kullum bayan la'asar sai ga shi da ƙulli na gyaɗa, su yi ta tsokanar juna. Ernest ya ce Bafulatani da sanda sai duka, Safiyanu ya ce mai rediyo sai surutu. Allah sarki, zamani mai daɗi.

Wata la'asar wasa ya zo ƙarshe, saura baƙar ƙwallo kawai, bugu kuma na Ernest ne. Ya sunkuya ke nan sai ƙasa ta girgiza. Bam ne ya tashi a tasha, inda matarsa Janet ke sayar da abinci. Ya jefar da sanda ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Janet ta tsira da rauni a ƙafa, amma tsoro ya riga ya shige su, suka kwashe yara suka koma Kaltungo ba ko sallama.

A yammacin nan, kafin ya kwashe ƙwallaye, Safiyanu ya ɗauki alli ya ɗiga a inda farar take, ya ɗiga a inda baƙar take. Shi da kansa, mai dokar!

Daga nan rumfa ta yi sanyi. Ga dokar hana fita, ga shingen sojoji, iyaye kuma ba sa son taro. Ƙyallen ya tsufa, ya koɗe, ya fara yagewa ta gefe. Samari suka yi ta mita a sauya shi, da suka gaji suka koma unguwar Gabukka inda aka kawo sabon tebur. Safiyanu ya yi kunnen uwar shegu. Kowace safiya ya share teburin da buroshi, ya sabunta ɗigonsa. Kewar abokinsa yake yi, kuma gani yake in ya cire ƙyallen nan, ya yarda ke nan Ernest ba zai dawo ba.

Sai da gari ya lafa, shekaru sun ja, wata la'asar ya ji ana cewa mai shanu yana nan kuwa? Ernest ne, da furfura, ya shigo Gombe sayen kayan gyara. Bayan doguwar gaisuwa Safiyanu ya ɗora fara da baƙa a kan ɗigonsu, ya miƙa masa sanda.

"Mutumina, bugunka ne."

Ernest ya daɗe yana kallon allin. Bugu ne mai sauƙi, irin wanda a da yake ci ido rufe. Ya sunkuya, ya ɗan taɓa farar a hankali, baƙar ta gangara ta tsaya a bakin rami.

Safiyanu ya san da gangan ne, don kada wasan ya ƙare. Bai karɓi sandar ba, alli ya ɗauko ya ɗiga a sababbin wuraren.

"Yau hannuna ciwo yake," in ji Safiyanu. "Sai ka sake shigowa."