Hantar Maigida

Shekara goma sha tara na yi ina sayar da shayi a Samaru, a bakin titi, inda kana zaune a bencina kana hango ƙofar jami'a. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma masu digirin da na shayar ba su ƙirguwa. Sun wuce abinsu, ni ina nan da ciwon baya. Na faɗa ne don a san wanda ke magana.

A shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka ne matata ta haifi autarmu. Mun riga mun sallama, babbar 'yarmu ta kusa gama sakandare, sai ga wannan ta zo. Haihuwar ta zo da zubar jini mai yawa. Aka sallame mu, aka yi suna, amma matar ba ta dawo daidai ba. Mace ce da in tana buga tulun kiɗa a zumuntar mata ta cocinmu, daga titi ma kana sanin hannunta ne. Sai ga shi bokiti ɗaya na ruwa yana zaunar da ita tana haki. Tafin hannunta ya yi fari kamar ta shafa gari.

Muka koma asibiti. Nas ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa sosai. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce mu dawo bayan mako shida. In bai hau ba, gado za a ba ta a ƙara mata jini.

Muna fita matata ta kama hannun rigata. Ta ce, "Baban yara, ni ba za a ɗura mini jinin wanda ban sani ba. Kuma in na kwanta a can, wa zai riƙe jaririyar?"

Na ce, "Ki bar mini. Jini ne dai ko? Zan nemo shi."

Haka na faɗa, kamar ana sayar da shi a mudu.

Duk Litinin nakan hau mota zuwa Sabon Gari in yi sarin madara da sukari da ganyen shayi a wurin wani Ibo. A nan unguwar Muchia aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Da na ba shi labari sai ya daki kanta ya ce, "Haba mai shayi, wannan ne ya hana ka dariya? Kwalbar malt ɗaya, madarar gwangwani ɗaya, tumatirin gwangwani rabi. Ka kaɗa, ta shanye. Dubi launin tumatirin nan mana. Abin da ya shiga ciki ja, ai jini zai zama."

Maganar ta zauna mini. Na ma ƙara da tawa dabarar, na sa ana dafa mata zoɓo, tunda shi ma ja ne. Sannan ga sana'ata. Ni ba abin da na iya a duniya kamar shayi, don haka duk bayan cin abinci sai in haɗa mata mai kauri, ganye biyu, madara har cokali ya kusa tsayawa. Da shi take haɗiye ƙwayoyin asibiti. A ganina gata nake yi mata.

Mako biyu muna haka. Kumatu sun ɗan fito, haki yana nan. Takan toshe hanci ta sha haɗin, ta ce, "Wannan abu kamar miyar da aka yi wa ɓarin sukari."

In ce, "Magani ba ya daɗi. Sha."

To akwai wata da ke zuwa teburina da safe kafin ta shiga aji. Ba yarinya ba ce, ta yi shekaru tana aikin asibiti a garinsu, ta bar miji da 'ya'ya ta dawo karatun ilimin abinci, ta kama ɗaki a Bomo. Malama nake ce mata. Wata safiya ta same ni ina kaɗa haɗin a jug zan aika gida.

Ta ce, "Baba, sabon shayi ka fito da shi?"

Na gaya mata komai, har da alfahari. Ta ajiye kofinta don kada ya zube, ta yi dariya har da share ido. Da ta ga na ɗaure fuska sai ta ce, "Yi haƙuri, Baba. In launi ne ke ba da jini, da masu manja na Sabon Gari sun rufe asibiti tuni. Ran Asabar zan zo in gaida Mama."

Ta zo kuwa da rana, daidai an sauke tuwo. A nan sai na yi bayanin wani abu. Ina da aboki mahauci tun muna samari, yana shan shayi a wurina. Duk ranar da suka yi yanka yakan ƙunso mini hanta a takarda, in kawo gida, matata ta soya ta ɗora a kan tuwona. A gidan da na tashi, hanta da ƙundu na maigida ne. Haka ubana ya ci, haka ubansa. Mace ko yaro ba su kai hannu wurin. Ban taɓa tambayar dalili ba, wanda ake ba ai ba ya tambaya.

Malama ta gaisa da matata, ta ɗauki jaririya, ta duba idon uwar da farcenta. Sai ta juyo gare ni.

"Baba, rishonka na shayi me yake ci?"

"Kananzir."

"In ka cika shi da kananzir amma lagwani ya cinye fa?"

"Hayaƙi zan sha, ruwa ba zai tafasa ba."

Ta ce to jiki ma haka yake. Tuwo da burodi da sukari da malt ɗin nan duk kananzir ne, ƙarfin aiki suke bayarwa, in sun yi yawa su taru a kumatu. Wake da ƙwai da kifi da nama su ne masu gini, su ke gyara abin da ya lalace. Sannan akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, kamar lagwani suke, ba su da yawa amma in babu su komai ya tsaya. Ɗaya daga ciki sinadarin ƙarfe ne. Da shi jini ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa ya kai ta hannu da ƙafa da kai. Wanda ke jikin matata ya bi jinin haihuwa ya fita, shi ya sa take haki kamar ta hau dutse.

Na ce, "To ai an ba ta ƙwaya."

"Da me take sha?"

"Da shayina."

Ta ce, "Baba, shayi in ya haɗu da ƙarfen nan a ciki, kama shi yake yi ya hana shi shiga jini, su fita tare. Madara kuma tana taya shi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malama, farfesoshi sun sha shayin nan ba wanda ya zage shi."

"Ni ma gobe zan sha. Ba zagi ba ne, lokaci za a raba musu. Ta sha ƙwaya da ruwa, ta bi da lemu ko gwaiba, ɗan tsamin nan shi ke buɗe wa ƙarfen hanya. Shayi ya jira awa biyu."

Sai idonta ya sauka a kan kwanona. Hanta yanka huɗu, tana ƙyalli a kan tuwo.

"Wannan fa, wa ke ci?"

"Ni."

"Jinin wa ya yi ƙasa?"

Ta ce a duk gidan nan ba abin da ya kai hantar nan ƙarfen da ake nema, ga shi yana shigowa a takarda yana wucewa cikin wanda ba ya bukata. Sau biyu a mako ya isa, sauran ranaku wake da zogale da alayyahu da ɗan kifi.

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Na tura kwanon gaban matata. Ta turo shi. Ta ce, "Malama, ki rufa mini asiri. Uwata har ta koma ga Allah ba ta san ɗanɗanon hanta ba. In ci ta maigida yana kallo, a ji a ƙauye a ce me?"

Shayi ta yarda ta jinkirta, lemu ta sha, haɗin Ibo kuwa da murna ta rabu da shi. Amma hanta ta ƙi. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na zuba mata a kwanonta, da na kai loma ta uku sai na tarar da hantar a binne a ƙarƙashin tuwona. Ga kwanaki suna tafiya, saura ƙasa da wata mu koma wurin nas.

Ran nan ina wanke kofuna sai na tuna wani abu. A al'adar tamu dai, abin da maigida ya ci ya rage na matarsa ne, kuma zubar da abinci zunubi ne. Da aka kawo tuwo da rana, na ɗauki hanta na gatsi gefen kowane yanka, na mayar, na cinye tuwona tas, na wanke hannu.

Na ce, "Na ƙoshi. A kwashe."

Ta dubi kwanon, ta dube ni. "Baban yara, wayo za ka yi mini?"

"Ragowa ce. In ba ki so ki zuba wa kaji, ke da Allah."

Ta ɗauki kwanon ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta fito kwanon a wanke yake. Bayan kwana uku na ji tana gaya wa babbar 'yarmu, ƙasa-ƙasa, wai ashe abin da maza suka ɓoye ke nan shekara da shekaru.

Ranar komawa asibiti ta ƙi cin komai don fargaba. Aka ɗebi jini, muka zauna a benci, jaririya tana hannuna. Nas ta fito da takarda, ta sake jan fatar idon matata, ta ce jinin ya hau. Bai kai inda ake so ba, a ci gaba da ƙwaya wata uku, amma ba maganar gado. Ta tambayi me aka canza. Matata ta nuna ni da baki ta ce, "Wannan ne ya koyi ƙoshi."

Da na je sari Litinin na gaya wa Ibo, sai ya buga ƙirji ya ce ai ya faɗa mini tumatir ba ya ƙarya. Na bar shi. Malama kuma na hana ta biyan kuɗin shayi har ta gama karatunta, ita ce kaɗai ta taɓa kushe shi a gabana ta sha kyauta.

Kafin damina ta faɗi matata ta koma kan tulunta a coci. Ina daga layin baya na ji bugun na san hannun ya dawo.

Har yau in an soya hanta, gabana ake fara kawowa. Haƙoran ma sun ƙare, taɓawa kawai nake yi da leɓe in ce na ƙoshi. Ita kuma ta ɗauka tana mita wai mutum ba ya cin abinci, ta zauna nan kusa da ni ta cinye, labulen ma ta daina saki.