Maƙwabciyar da ta ƙi ce mini "da sauƙi"

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar Mama Sokha, maƙwabciyata a Silver Spring, kuma har yau idan na ji an ce wa wani "jiki da sauƙi" alhali ba haka ba ne, ita nake tunawa.

'Yar Kambodiya ce, gudun hijira ya kawo ta Amurka a farkon shekarun tamanin, daidai lokacin da ni da mijina Bitrus muka zo daga Filato. Ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku. Ni ina aikin jinya a wani asibiti a Washington, ita ke riƙe mini 'yata har in dawo. Turancinta guntu-guntu ne, amma hira ba ta taɓa gagarar mu ba.

Mabiyar addinin Buddha ce. Kowace safiya takan durƙusa ta maimaita alkawari biyar: ba za ta kashe mai rai ba, ba za ta ɗauki abin da ba a ba ta ba, ba lalata, ba ƙarya, ba abin maye. Na ce mata mu ma muna da Dokoki Goma, mun ninka nata. Ta yi dariya ta ce biyar ɗin ma sun ishe ta wahala. Kuma da gaske take yi. Kyankyaso ma sai ta kife shi da kofi ta kai shi baranda ta sake. In ce, "Haba Mama, ai kicin ɗina zai dawo!" Ta ce to in gaishe shi.

Ina da ciki wata biyar Baba ya kwanta ciwo a gida. A lokacin samun layin Jos aiki ne ja, sai an yi ta bugawa. Bitrus ne ke kira, kullum amsarsa ɗaya: da sauƙi. Sai kuma na ga matan cocinmu sun fara zarya daga Wheaton, garin da ke kusa da mu, da kulolin tuwo, ba suna ba biki. Kowacce ta dube ni ta kawar da kai. Ashe Baba ya riga ya cika, gawarsa na ɗakin ajiyar gawa a Jos, an sa jana'iza mako mai zuwa. Manyanmu kuwa sun yanke cewa ba za a faɗa wa mai ciki ba sai ta sauka. Haka muke yi, kuma don ƙauna muke yi, ban taɓa musun wannan ba.

Bitrus ya roƙi Mama Sokha ita ma ta shiga sahu. Daga baya ya gaya mini abin da ta ce masa: ba za ta fara tayar da maganar ba, don ba tata ba ce, amma idan na tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba. Bai ɗauka zan tambaye ta ba.

Na kuwa tambaya. Na dawo aiki da yamma, na same ta tana yanka kabeji, na ce, "Mama, kowa yana ce mini babana da sauƙi. Ke me kika sani?"

Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta zaunar da ni, ta kama hannuwana biyu.

"'Yata, ba zan ce miki da sauƙi ba. Sauran maganar ta mijinki ce. Mu je wurinsa tare."

Wayyo! Nan take na gane. Na yi kuka har muryata ta dishe, ita kuwa ba ta sake ni ba. Bitrus ya yi fushi da ita sosai, matan coci suka ce tsohuwar nan ba ta da tausayi. Sai a ranar ta ba ni labarin da ba ta taɓa bayarwa ba. A ƙasarsu, da aka zo aka tafi da mijinta, ce mata aka yi an kai shi karatu. Shekaru ta yi tana ajiye masa shinkafa, alhali maƙwabta sun san an kashe shi tun ranar. Ta ce mutuwarsa ta yafe wa duniya, jiran ne ta kasa yafewa.

Likitana ya duba ni ya ce zan iya tafiya. Na hau jirgi. Cikin bai yi komai ba, na haihu lafiya lau bayan na dawo.

Wani lokaci nakan ce, da Mama Sokha za ta ga zamanin nan, me za ta ce? Yanzu mutum bai gama cikawa ba hotonsa ya zagaya wayoyi, 'yarsa ta gani a tashar jirgin ƙasa tsakanin baƙi. Masu yin haka su ce ai gaskiya suka faɗa. Na tabbata ba za ta yarda da su ba. A wurinta ƙin ƙarya bai ba ka izinin jefa wa mutum magana kamar dutse ba. Sai ka zaunar da shi, ka riƙe shi, ka bar mai haƙƙin faɗa ya faɗa. Mu dā muna ɓoyewa, yaran yanzu suna watsawa, kuma duka biyun gudun zama da mai kuka ne.

Da ta rasu ba ta bar gida ba, ba ta bar dukiya ba, addininta ma ban bi ba, ina nan a cocina. Amma ga abin da na sani. Mutanen da suka fi kowa ƙaunata sun shirya in rasa jana'izar ubana, kuma da sun yi nasara da har yau ina riƙe da su a zuciya, har da Bitrus. Tsohuwa ɗaya ta ƙi karya alkawarin da ta ɗauka da safe. Saboda ita na isa ƙauyenmu ana gab da rufe akwati, na ce a dakata, na ga fuskar Baba.