Rumfar Baba da Ramin Kashin Shanu

Shekarar da muka daina kai shanu kiwo nesa, saboda 'yan bindiga sun sa dajin yankinmu na Maradun ya daina shiguwa, abu biyu suka same mu. Na farko, kashin shanu ya taru a bayan gida. Na biyu, itacen girki ya yanke, don mai zuwa daji ba ya da tabbacin dawowa.

Wani magini daga Talata Mafara ya gina mini rami mai murfi. Aikin yana da tsari: a kwashe kashin da safe, a dama shi da ruwa, a zuba, a rufe. In ya ruɓe sai iskar gas ta biyo tiyo zuwa murhu. Da wuta ta kama, shuɗiya ba hayaƙi, matata ta yi hamdala, don ta daɗe tana tari.

Mahaifina malami ne, ya tsufa, kuma tun rasuwar mahaifiyata ba ya cin tuwon kowa sai na gidana. Ranar da aka kai masa na sabon murhu, kwanon ya dawo a rufe. Washegari ma haka. Bai yi faɗa ba, dabino da ruwa kawai yake sha.

Muka koma dafa nasa daban da kara. Damina ce, karan ya jiƙe, sannan ya ƙare. Ya koma wa dabino da ruwa, na ga ya fara ramewa. Sai na wasa gatari, na ɗaura wa jaki mangala, na ƙudura zan shiga daji. Kafin in fita ya aiko a kira ni.

Na same shi a rumfarsa ta ƙofar gida, inda yake ba da karatu tun ban san kaina ba. Na durƙusa muka gaisa har ƙarshe.

"Ina za ka da gatari?"

"Itace, Baba."

"Aje shi. Kai ni in ga ramin ga."

Ya dafa kafaɗata muka zaga baya. Tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya suka zo. Ko an haɗa ramin da masai? Na ce a'a, maginin ya kawo shawarar na ƙi. Ko shanun suna kiwo a juji? Na ce harawa da dusa suke ci a turke. Ya gyaɗa kai.

"Kashin dabbar da aka cin namanta mai tsarki na," in ji shi. "Wanga ba gardama."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya juya ya ga turken jaki, yana manne da na shanu, magudanarsu ɗaya.

"Shi hwa wancan? Ana cin naman jaki gidanka?"

"A'a, Baba."

"Kana iya rantsewa nashi bai shiga ba?"

Matata tana tsaye bakin zana, ta kafe ni da ido. Kalma ɗaya za ta sa ya ci tuwo a ranar. Amma shebur ɗaya ne a gidan, kuma ruwan sama yana haɗa komai.

"Ba ni iyawa," na ce.

Ya sake duban magudanar. Sannan ya yanke hukunci, shi ma a jere. A raba jakin da gidan. A kwashe ramin har ƙasa, a wanke. A sake zuba na shanu zalla.

Na ce, "Baba, in aka sake, sai ya yi makonni kafin wuta ta dawo. Da mi za a dafa naka? Dole dai in je dajin."

"Ba ka zuwa daji sabili da cikina."

"To mi za ka ci?"

Ya nuna ƙofar gida da sandarsa. "Rumhwata. Dirkokinta busassu na."

Na ce ɗalibansa fa? Ya ce zaure bai faɗi ba.

Haka aka yi. Na kai jakin wurin ƙanena a Bakura. Na kwashe ramin da bokiti, na zuba ruwan takin a gonar shinkafa. Rumfar kuwa na bi ta a hankali: zana da farko, sannan ƙananan sanduna, dirkoki daga baya. Duk wadda na cire, matata ta faskara ta ƙanana don ta daɗe. Kowace safiya ina buɗe murhu in kanga ashana, ba komai sai warin iska. Ba na gaya masa, shi ma ba ya tambaya, amma yana zaune a zaure yana kallon abin da ya rage.

Dirka ɗaya ce a tsaye ranar da wutar ta kama. Na kai masa kwanon da kaina, na faɗa masa da abin da aka dafa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci har ya suɗe miya.

Dirkar tana nan. A kanta yake rataye buzunsa in rana ta fito.