Littafina na Uku a Ƙunshin Cincin

Kaduna zuwa Zuba

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar ashirin da uku ga Disamba mai keke ya sauke ni a tasha. Kayana uku ne: akwati, jakar hannu, da buhun tsofaffin littattafan ɗalibaina. Ni malamar firamare ce, kuma duk shekara Mama takan sa in tattaro mata su, don da takardunsu take ƙunshe cincin da soyayyen nama na rabon Kirsimeti. Ta ce jarida baƙi take sa wa nama.

Tun watan Afrilu nake rubuta tarihin Babana, tsohon direban babbar mota da ya yi jigilar yashi da doya lokacin da ake gina Abuja. Mantuwa ta kama shi. Da na je gida hutun Ista, da sunan ƙanwarsa da ta rasu ya kira ni. Ranar na yi masa alkawarin zan karanta masa labarinsa ranar sabuwar shekara, tun yana iya gane wani abu a ciki. Dokata ɗaya ce: shafi biyu kowace safiya kafin in kai shayi bakina. Ban taɓa fashi ba, kuma ban ga hutun da zai sa in fara ba.

Mun tashi shida daidai. Gari na yin haske na ɗora littafi na biyar na tarihin a gwiwa, na kuma zaro na uku don in duba sunan wani ƙauye. Direba ya leƙo ni ta madubi.

"Madam, ƙarata kike rubutawa?"

"In ka ci gaba da faɗawa ramuka haka, ita zan koma."

A Tafa aka tsaya cin abinci, takwas da rabi. Kowa ya yi wajen mai shayi, ni ina zaune da saura layi shida. Sai da na ɗiga aya sannan na sauka.

Gab da Zuba akwai shingen bincike. Jami'i ya ce a buɗe buhun da ke ƙafata. Ya jujjuya littattafan yara, ya yi dariya, ya ce mu tafi. Direba na ta hon, na tattara duk abin da ke kan cinyata na cusa a buhu na ɗaure. Ku riƙe wannan wurin, don nan na yi wautar.

Nyanya zuwa Keffi

Sha ɗaya saura na canja mota a Nyanya. Tafiyar da bai kamata ta wuce awa ɗaya ba, awa uku muka yi. Daga Mararaba har Masaka gosulo ne, mota na bin mota kamar layin awo, masu talla na cusa mana kaji masu rai ta taga. Baba yakan ce a zamaninsa nan daji ne, inda yake tsayawa sayen itace. Yanzu ko wurin ajiye ƙafa babu, gini na dafe da gini.

Biyu da kwata na shiga gidanmu a Tudun Ƙofa. Mama ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗayan ya riga ya kama buhun. Baba na zaune ƙarƙashin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu, baƙuwa. Daga ina?"

Na ce daga Kaduna. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Jajibiri da ranar Kirsimeti

Da Mama muka fara daru. A gidanmu mace ba ta zama da biro ana aikin Kirsimeti.

"Saratu, kowa na murza fulawa, ke kina can kina boko?"

"Mama, ba ni daga biyar zuwa shida. Bayan nan in kin ga dama ki yi daka da ni."

Ta ce ta ji. Ta kuwa fanshe, don ni na yanka cincin mudu shida, ni na soya naman akuya har idona ya yi ja. Amma shafina biyu sun cika ranar jajibiri, sun cika safiyar Kirsimeti kafin mu tafi coci.

Bayan an taso sujada aka shiga rabo. Al'adar gidanmu ce tun kafin a haife ni: kowane maƙwabci, Musulmi ko Kirista, yana da kwanon shinkafa da ƙunshi biyu. Mama ta zauna bakin murhu tana yagar takarda tana ƙunshewa, matar ƙanena Hanatu tana kaiwa. Na nesa kuma aka ba direbobi a tasha.

Da yamma na ɗauki wani ƙunshi da ya rage zan ci. Na warware, sai ga rubutuna, mai ya jiƙa shi: "Sai Baba ya ce wa Sule ya sauka ya duba zurfin ruwan."

Na zazzage jakata, babu littafi na uku. Bangonsa iri ɗaya ne da na ɗalibaina, shago ɗaya muke saye. A gefen murhu na same shi, an zare masa falle goma sha ɗaya daga tsakiya. Kuma shi ne wanda na rubuta a hutun Agusta, ina zaune kusa da Baba, lokacin da kansa kan washe da safe. Daga bakinsa na ɗauka. Yanzu ko an tambaye shi ba zai iya maimaitawa ba.

Mama ta dafe ƙirji. "Ni na ga rubutun da kyau, har na ce wannan yaron zai yi karatu."

Haushi ya cika ni, amma wa zan kama? Ni na cusa shi a buhu da hannuna. Na ce ta lissafo mini gidajen da aka kai ƙunshin ƙarshe. Gida shida ne. Na ce to, gobe zan bi su.

Tudun Ƙofa da Jigwada

Kashegari sai da na yi shafina biyu tukuna, duk da hankalina na waje. Bakwai da rabi na fita a ƙafa.

Abin da ya cece ni shi ne, a unguwarmu ba a mayar da kwano babu komai, don haka ba a gaggawar mayarwa. Gida uku na farko kwanukan na nan, ƙunshin na ciki, wani ma ba a warware ba. Falle biyar na samu a nan, kuma kowane gida sai an ɗora mini gyaɗa ko dabino.

Maman Chidi mai shagon kayan masarufi ta riga ta naɗe wa wani sabulu da ɗaya daga falle biyun da ke wurinta. Da na yi mata bayani ta ɗaure zani.

"Ah, tica, labarin Papa ne? Zo mu je, na san gidan mutumin."

Ta rufe shago ranar da ake ciniki, muka je muka karɓo. Nata biyu, da wanda ke hannuna tun jiya, takwas ke nan.

Acaɓa na hau zuwa Jigwada, minti goma. Can matar wani tsohon malamin makaranta ta miƙo mini falle biyu a goge, an danne su da dutsen guga. Ta ce maigidan ya karanta, ya ce rubutu irin wannan ba na shara ba ne. Goma.

Saura ɗaya, kuma na san wanne ne: ƙarshen labarin ranar da ruwa ya ci motar Baba. Mama ta ce yana cikin saƙon da aka ba direban Panda, na Alhaji Sule, wanda ya yi wa Baba yaron mota shekara da shekaru.

Panda

Ashirin da bakwai ga wata na fita shida saura, ko shayi ban sha ba, littafi a jaka. Motar ba ta cika ba sai shida da rabi. Muka bi ta gonakin da aka gama girbi, buhunan dawa jere a bakin hanya. Bakwai da kwata aka sauke ni, na tambayi gidan Alhaji Sule mai taya, aka nuna mini.

Yana zaune a zaure, tsoho mai farin gemu. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wace ce.

"'Yar maigida ce? Ikon Allah. Ina maigidan?"

Na gaya masa gaskiyar halin da Baba ke ciki. Sannan na kawo maganar takarda.

"Hajiya ta hura wuta da ita jiya."

Sai ya ce, "Amma na karanta kafin nan. Kuma gara da ta ƙone, 'yata, don ba haka aka yi ba. Kin rubuta wai ruwa ya ci mota, Allah ya taimake mu muka fita. Shi ya gaya miki haka?"

Na ce shi ne.

"Halinsa ke nan. Shi ya riga ya fita, yana kan tudu. Ni ruwa ya tafi da ni, igiyar tamfol ta naɗe mini ƙafa. Ya koma ciki, alhali bai iya iyo ba. 'Ya'yana tara, jikoki ban san iyakarsu ba, duk daga wannan komawar suka fito."

Na zaro biro. Aka kawo shayi, na ce a ajiye tukuna. A zauren nan na yi shafina biyu na ranar, yana faɗa ina rubutawa, yana tsayar da ni in na yi sauri. Da zan tafi ya tambayi ranar karatun. Na ce ɗaya ga wata.

Sabuwar shekara

Sauran kwanakin na kwafe fallayen da mai ya ɓata, ban kuma haɗa su da shafi biyun safe ba, wannan daban. Ranar ɗaya ga wata, bayan coci, muka taru ƙarƙashin mangwaro. Alhaji Sule ya iso da kwanon Mama cike da zuma. Ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Maigida." Baba ya dube shi kamar yadda ya dube ni, ya ce, "Sannu, baƙo."

Na fara karatu. Shafi ya bi shafi, Baba na kallon ganye. Mama ta yi mini ido in haƙura, na ƙi. Na tsallake zuwa labarin ruwan. Na karanta yadda ya koma ciki, ya kwance igiyar, ya goyo Sule a baya ya fito da shi.

Baba ya ɗaga hannu.

"Ba goyo ba ne. A wuyan riga na jawo shi. Wa zai iya goya wannan, nauyi kamar buhun doya?" Ya juya ya dubi Alhaji. "Sule, sau nawa na ce ka riƙa naɗe igiyar nan?"

Alhaji ya rufe fuska da hannun riga. Baba ya nuna littafin da yatsa.

"Saratu, gyara wurin."

Rabon da ya kira sunana tun Agusta. Na soke layin na gyara. Da yamma ya koma kirana baƙuwa, amma ni na riga na samu abin da na zo nema.

Komawa

Uku ga wata na baro Keffi ƙarfe shida, bayan na yi rubutuna. Mararaba ta yi mana sauƙi wannan karon, kafin azahar ina ƙofar gidana a Kaduna. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Maman Chidi da ta rufe shago domina, da mutanen Jigwada da suka goge mini takardu, da Alhaji Sule. Har Hajiyarsa da ta hura wuta, ita ma na gode mata ƙwarai.

Mama ta kira ta ji ko na sauka, ta kuma tuna mini in fara tara mata littattafan baɗi. Na ce zan tara, amma nawa duk na yi musu jan bango.